Haƙorin da ya kai Baba tiyatar ƙirji

Wata na uku da fara aiki a wani asibiti a Gusau, ina dutin dare, aka shigo da wani dattijo daga wajen Bungudu. Ƙasan haɓarsa ya kumbura ya yi tauri kamar katako, harshe ya taso sama, yawu na ta dalala, baki ko yatsa biyu ba ya shiga. Ɗansa ya ce "Likita, hangum na, mun kai shi ga wanzami ya yi mai sakiya amma abin sai gaba yakai."

Ni kuma da rawar kan sabon likita na ce Baba kwanta in duba ka. Ya ƙi. Na ɗauka taurin kai ne har na fara danna kafaɗarsa, sai ga oga ya shigo ya daka min tsawa, wai so kake ka kashe shi? Ashe zaman nan da ya yi ya duƙo gaba shi ke riƙe da numfashinsa, yana kwanciya harshen zai toshe maƙogwaro. Wallahi har yau in na tuna sai na ji kunya.

Ba hangum ba ne. Turmin haƙori ne na ƙasa ya ruɓe, sati biyu ana fama da kanumfari da maganin kemis, ga ciwon suga da bai ma san yana da shi ba. Ciwon Ludwig ake ce wa irin wannan kumburin, sunan likitan Jamus da ya bayyana shi a 1836.

A daren oga ya fara huda maƙogwaro ya sa bututu, sannan aka tsaga ƙarƙashin muƙamuƙi, mugunya ta fito da warin da ya bi ni har gida, aka cire haƙorin, aka ɗora Flagyl da sauran allurai ta jijiya. Na ce shikenan an gama. Ina! Kwana biyu zazzaɓi ya ƙi sauka, Baba na ta nuna ƙirjinsa, ka taɓa fatar wuya ka ji tana ƙaras-ƙaras saboda iska. Mugunyar ta gangara ta bayan maƙogwaro zuwa tsakanin huhu, kusa da zuciya, wurin da allura kaɗai ba ta isa ba sai an buɗe an wanke. Muka tura su Sakkwato, can aka buɗe ƙirjin.

Bayan wata biyu ɗan ya dawo da zabi guda biyu, ya ce Baba na gaishe da likitan nan mai son kwantar da mutane.