Godiya bayan 'yarmu ta koma fili

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, jiya da yamma 'yarmu ta buga wasan badminton na farko tun ranar da gwiwarta ta goce a gasar Yawunde, babban birnin Kamaru, ta kuma fito daga fili da ƙafafunta. Wanda ya bi mu a watannin nan goma ya san abin da aka sha na tiyata da gashi da kwanan jirgin ƙasa tsakanin Ngaundare da Yawunde, don haka ba zan maimaita ba.

Daren da ba ya barin zuciyata shi ne na biyu a asibiti. Bayan likita ya tabbatar mana cewa jijiyar da ke riƙe gwiwar ta tsinke, yarinyar ta juya fuska ga bango ta ce, "Baba, a ba ƙanina raket ɗina." Wallahi ban ji tsoro ranar da ta faɗi ba kamar yadda na ji a lokacin. Muna cikin wannan shiru sai ga abokiyar karawarta, wadda aka ba nasara saboda raunin, ta shigo ta zauna a bakin gado, ta buɗe wayarta tana nuna mata Carolina Marín, 'yar wasan badminton ta Sifen. Ta ce wannan matar ta ci zinare a Olamfik na Rio a 2016, ta zama zakarar duniya a 2014 da 2015 da 2018, sannan wannan jijiyar ta tsinke mata a wasan ƙarshe a Indonesiya a watan Janairun 2019, amma a Satumbar shekarar ta dawo ta ɗauki kofin China Open. Ba ta ɓoye mata cewa raunin ɗaya gwiwar ya hana Marín zuwa Olamfik na Tokyo ba, ko cewa a Olamfik na Paris a 2024 ta sake jin rauni a gwiwa a wasan kusa da na ƙarshe alhali tana kan gaba. Gaskiyar da ta faɗa duka, mai daɗi da mai ɗaci, ita ta sa 'yata ta juyo ta karɓi abinci a daren. Ba addininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba, amma ina yi mata addu'a kamar 'yar cikina. Allah ya shiryi zuri'arta, ya tsare mata gaɓoɓinta.

Al'ada ta hana a kira mutum a bainar jama'a kan alherinsa, amma ku gafarce ni. Goggonta ta unguwar Briketeri a Yawunde, wadda ta bar mana ɗakinta mako shida, Allah ya gina miki a Aljanna. Kawunta da ya sayar da babur ɗinsa ya kawo kuɗin cikin dare, Allah ya mayar maka da ninkinsa. Kocinta da mai gashin ƙafar, Allah ya ba ku ladan haƙurinku. Mahaifiyarta kuwa, bakina bai isa ba.

Akwai 'yan uwa na jini da tun farko suka ce 'ya mace ba ta tsalle-tsalle a gaban raga, kuma har aka sallame mu ko waya ba su bugo ba. Mun yafe, ƙofa kuma a buɗe take.

Jiya an ci ta 21 da 17 a zagaye na uku. Da asuba na ji tana ɗaure takalminta za ta tafi atisaye. Ku ci gaba da sa ta a addu'a.