Fulogi ne ya hana ni wuce tirela a hanyar Funtuwa

Wata uku da suka wuce na kai Passat ɗina sabis, mai injin 1.8T ce, wato mai turbo, tsohuwa ce kam amma lafiyarta ƙalau, irin 'yar Kwatanon nan da in ka taka ta za ka ji turbo na ɗan fito a ƙarƙashin bonet. Aka juye baƙin mai aka canza filta, sai yaron garejin ya ce Oga fulogin nan fa sun sha jiki. Na ba shi kuɗi ya hau acaɓa zuwa Sabon Gari ya dawo da guda huɗu sababbi dal a kwali, ya ɗaura, aka tayar, inji ya zauna shiru ba ko rawa. Ni ban duba lambar da ke jikin kwalin ba, shi ma bai duba ba, tunda sun shiga ramin daidai mu a wajenmu magana ta ƙare.

Sati biyu ina yawo cikin garin Zariya, Tudun Wada, PZ, Kwangila, Samaru, ban ji komai ba. Sai ranar da muka kama hanyar Funtuwa da iyali za mu gaisuwa, mun wuce Shika kenan na samu wata tirela a gaba tana jan jiki, na leƙa na ga hanya fes, na sauko giya uku na taka totur. Motar ta ɗauka da kyau, amma daidai lokacin da turbo ya cika, lokacin da ya kamata ta cilla, sai ta fara fizga, dif dif dif, kamar ana riƙe ta ta baya, wutar cek inji tana ƙiftawa, ga ni a gefen tirela ga wata bas ta ɓullo can gaba. Na ɗaga ƙafa na koma bayan tirelar, uwargida tana ta salati. Wallahi har muka isa gabana bai daina faɗuwa ba.

Da muka dawo aka fara lalube. Aka ce koyil ne, mai ba fulogi wuta, na sayi ɗaya. Aka ce nozul ne, aka wanke. An fara maganar fiyel fam ne wani abokina ya ce in kai wa wani dattijo da ya daɗe yana taɓa motocin Jamus. Dattijon nan bai ce in tayar ba ma, tambaya ɗaya ya yi min, Malam tana misin ɗin a tsaye ne ko sai ka taka ta a kan hanya? Na ce sai na taka, Baba. Ya ce a kwance mishi fulogi ɗaya. Ya juya shi a hannu ya goge da gefen rigarsa ya nuna min rubutun da ke jikin farin tangaran ɗin, BKR6E-11. Ya ce ka ga 11 ɗin nan na ƙarshe? Ita ce ta so ta kashe ka.

A tsarin lambobin NGK, kamfanin da ya yi fulogin, 11 ɗin nan tana nufin tazarar bakin fulogin milimita 1.1 ce, wato gaf. Fulogi ne mai kyau, ba jabu ba ne, yawancin motocin Japan marasa turbo da suka cika garin nan irin tazarar da suke so kenan, shi ya sa shi ne a saman kanta kuma shi mai shago zai fara miƙo maka. Zarensa milimita 14, tsawon zaren 19, daidai da ramin injina. Amma 1.8T fulogin da ta zo da shi PFR6Q ne, tazararsa 0.8. Bambancin bai kai kaurin katin ATM ba.

Ga yadda abin yake. Wutar fulogi tsalle take yi daga tsinin tsakiya zuwa lanƙwasasshen ƙarfen nan na gefe, kuma iskar da ke tsakaninsu ita ce katangar da za ta keta. In iskar ta yi yawa ta matsu, ketawar sai ta yi wuya, sai koyil ya ƙara ƙarfi, yakan haura volt 20,000. To aikin turbo kenan dama, cusa iska cikin silinda fiye da wadda injin zai ja da kansa. A tsaye ko a ɗan gudun cikin gari turbo bai fara aiki sosai ba, wuta tana tsallake 1.1 ba wahala, shi ya sa in makaniki ya tayar ya saurara zai rantse maka fulogi lafiya lau. Amma ka taka a kan hanya iska ta cika silinda, koyil ya kai iyakarsa, wutar ta kasa tsallakawa, ko ta kama iskar ta hure ta. Man da bai ƙone ba sai ya wuce salansa ya je ya ƙone a cikin katalis, abin nan da makanikai ke ce wa indomi, kuma wannan ne dalilin da wutar cek inji take ƙiftawa ba ta tsaya cak ba, tana ce maka ɗaga ƙafa ne. Koyil ɗin ma wahalar da yake sha tana rage mishi kwana, mai yiwuwa shi ya sa wasu ke ta canza koyil ba sa gane bakin zaren.

Baba ya ɗauko fila geji daga aljihu, 'yan siraran ƙarafan nan masu lamba da ke buɗewa kamar mafici, duk sun yi baƙi don tsufa. Ya zaro mai 0.80, ya riƙa ƙwanƙwasa ƙarfen gefen a kan katako a hankali, ya auna, ya ƙara, har ƙarfen gejin ya riƙa shiga da ɗan ja kaɗan. Haka ya yi wa duka huɗun. Muka hau baifas ta wajen Dan Magaji na taka ta har ƙasa a giya uku, ko gezau, ta tafi sumul. Amma ya ce wannan gwaji ne kawai, in je in nemo na ainihi, don in ka lanƙwasa ƙarfen ya wuce kamar 0.2 daga yadda kamfani ya saita shi to bakin ya karkace, ba ya fuskantar tsinin sosai, zai ci gefe ɗaya. Kuma kar wani ya ji wannan ya ce bari ya matse har 0.5 don ya huta, wutar za ta yi ƙanƙanta, mota ta riƙa rawa a tsaye tana shan mai.

Sai maganar lambar tsakiya, 6 ɗin nan. Ita ce ke nuna saurin da fulogi ke zubar da zafin bakinsa zuwa kan inji. Bakin yana son ya kai wajen digiri 500 don ya ƙone dattin da ke taruwa, amma in ya haura 800 sai ya zama garwashi, ya kunna mai tun kafin wuta ta zo, kuma a injin turbo wannan kan iya huda fistin. A NGK da Denso lamba in ta hau fulogin ya fi sanyi, 6 ta NGK ita ce 20 ta Denso, 7 kuma 22. A Bosch akasin haka ne, lamba in ta hau ya fi zafi, nan ne mutane ke ruɗewa a shago. Masu taɓa kwamfutar mota su ƙara wa turbo ƙarfi su ne ke komawa 7 su kuma ɗan ƙara matse gaf. Ni da ban taɓa komai ba, kuma rabin tuƙina daga gida zuwa aiki ne da tsayuwa a cunkoson Kwangila, 6 ɗina ta ishe ni, mai sanyi zai riƙa yin baƙi ne kawai. Abin da ba zan taɓa yarda ba shi ne a sa min 5 don wai ita ake da ita, musamman da zafin watan Maris da Afrilu ga AC a kunne.

Fulogi masu bakin iridiyom da filatinum sun fi daɗewa, gaskiya ne, na filatinum a injin nan yana kai wajen kilomita 60,000, na talaka kuwa turbo na cinye bakinsa da wuri, tazarar ta buɗe da kanta ka koma gidan jiya. Tsinin iridiyom na NGK milimita 0.6 ne kacal, kamar bakin allura, in ka sa sukundireba ka banƙara a kansa ya tafi. A auna shi a hankali, in za a gyara ƙarfen gefe kaɗai za a taɓa. Jabunsa kuma ya yi yawa, in ka ji kuɗin iridiyom ya yi kusa da na talaka ka ajiye musu abinsu.

Da na samo nawa na koma wajen Baba, ya ce sai inji ya huce tukun don kan injin alminiyom ne, zare na saurin lalacewa da zafi. Muka zauna a benci ƙarƙashin dalbejiya kusan awa guda. Ya sa yaro ya hure ƙurar da ta taru a ramukan kafin a kwance, ya auna sababbin duk da daga kwali suka fito, ɗaya ma ya ɗan matse ya buɗe shi. Kowanne da hannu ya fara ɗaura shi har ya zauna, sannan ya sa sifana ya ƙara rabin juyi da ɗan ɗori, mai tok renci kuma, sifanan nan mai auna ƙarfin ɗauri, 30 Nm ne ma'aunin injin nan. Ya hana a shafa wa zaren giris.

Na sayi fila geji nawa, yana cikin akwatin gaba tare da takardun mota da murfin kwalin da na yage mai lambar a jiki. Ranar Asabar da ta wuce mun sake bin hanyar Funtuwa, na wuce tirela uku kafin Giwa.