Shekara biyu ina fama da danshi a akwatin taba

Akwatin farko da na mallaka kyauta aka ba ni. Na katako ne mai ɗaukar karan taba hamsin, da ma'aunin danshi mai allura a jikin murfinsa, da wani ɗan gwangwani mai soso a ciki wanda ake jiƙawa. Tabar da ake ajiyewa a irin wannan akwati ita ce babbar nan da ake naɗewa da hannu daga ganye zalla, wadda ƙasashen Kuba da Nikaragwa da Honduras da Jamhuriyar Dominikan suka yi suna a kanta. Kowane kara hawa uku ne: ganyen ciki, da ganyen da ke ɗaure shi, da kuma lallausan ganyen waje wanda ido ke gani. Duka ukun suna shan ruwa daga iska suna kuma amayar da shi, kuma ba tare suke kumbura ko motsewa ba, wanda shi ne tushen kusan duk wahalar da na sha.

Ranar da akwatin ya zo hannuna na jiƙa soson da ruwan famfo, na jera kara ashirin, na rufe, ina ganin aiki ya ƙare. Bayan kwana goma sai na tarar ganyen waje na guda shida ya tsage, sauran kuma idan na matsa su a hankali sai su yi ƙara kamar busasshen karan dawa. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne katakon da ake shimfiɗa wa cikin akwatin da ƙishirwa yake zuwa. Ana kiransa sidar Sifaniya, ko da yake ba a Sifaniya yake fitowa ba, itace ne na tsakiya da kudancin nahiyar Amurka, ɗan dangin maɗaci, mai suna Cedrela odorata a wajen masana tsirrai. An zaɓe shi ne saboda yana riƙe danshi yana sakinsa sannu a hankali, kuma ƙamshinsa yana tafiya da na taba. To amma idan ba a fara shayar da shi ba, daga jikin tabar zai ɗebi ruwan da yake buƙata, abin da ya yi wa tawa ke nan.

Na kwashe tabar na zuba ta a robar ajiye abinci mai murfin da ke kamawa sosai, sannan na shayar da akwatin. Wasu suna goge cikinsa da jiƙaƙƙen ƙyalle, amma ni ban yarda da hakan ba, domin ruwa kai tsaye yana ta da gashin katako, wani lokaci har ya lanƙwasa shi murfin ya daina zama daidai. Na ajiye ƙaramin kwano na ruwan da aka tace ta hanyar tururi a ciki, na rufe, na bar shi mako biyu ba na buɗewa sai don in duba ko ruwan ya ƙare. Daga ranar na kuma daina amfani da ruwan famfo, saboda gishirin ma'adinai da ke cikinsa yana toshe soso, kuma abin da aka zuba masa na kashe ƙwayoyin cuta yana iya ɓata ƙamshin taba.

Kuskure na biyu ya fi na farko tsada, kuma ya ɗauke ni kusan wata biyar kafin in gane shi. Na ji ana ta maimaita ƙa'idar saba'in da saba'in, wato danshi kashi 70 cikin 100 da zafi digiri 70 a ma'aunin Faranhait, wanda ya yi daidai da kusan digiri 21 a ma'aunin Salshiyas. Sai na ɗauki wannan lamba tamkar farilla. Allurar ma'aunina kullum tana tsaye a kan 63 ko 64, ni kuwa kullum ina ƙara ruwa, har na saka soso na biyu. Tabar ta yi laushi, ta yi nauyi, tana mutuwa bayan kowane zuƙa biyu, hayaƙinta ya koma ɗaci, wasu kuma suka kumbura daga ciki har ganyen waje ya fashe ta ƙasa. Wata safiya na ga farin abu kamar auduga ya fito a bakin kara uku. Akwai masu cewa irin wannan farin abu man taba ne da ya fito ya daskare, alamar wai ta nuna, amma nawa funfuna ce ƙarara, tana da gashi, ta taru wuri-wuri, ta kuma shiga cikin ganyen. Na zubar da ukun, na goge sauran da busasshen ƙyalle mai laushi na ware su. Garin neman gira na rasa ido.

Gishiri ne ya tona asirin ma'aunin. Idan aka cika murfin kwalba da gishirin girki aka ɗiga masa ruwa har ya jiƙe kamar rairayin bakin kogi ba tare da ya narke ba, aka rufe shi a leda mai zif tare da ma'auni, iskar da ke ciki za ta tsaya a kan danshi kashi 75 cikin 100. Wannan ɗabi'ar gishirin ce, ba ta canzawa sosai da zafin ɗaki. Na bar su kwana ɗaya cur, da na duba sai na ga allurar tana nuna 66. Ke nan ma'aunin yana rage tara, kuma duk tsawon lokacin da nake ganin 64 ina ƙara ruwa, akwatin ya riga ya haura 72. Na sayi ma'auni na lantarki mai nuna lamba, shi ma na gwada shi da gishiri kafin in yarda da shi, na same shi yana ƙara ɗaya, na rubuta hakan a takarda na manna a bayansa. Yanzu duk wata shida nake sake gwajin. Mai allurar yana nan a jikin murfi don ado.

Daga nan ne na fara shakkar lambar 70 ɗin kanta. Kamfanin Habanos, wanda ke sayar da tabar Kuba a duniya, yana ba da shawarar danshi tsakanin kashi 65 da 70 da zafi tsakanin digiri 16 da 18 na Salshiyas, wato saba'in ɗin ita ce iyaka ta sama a wajensu. Da na sauko da akwatina zuwa 65 ko 66, sai wuta ta riƙa cin tabar daidai ta kowane gefe, iska kuma tana wucewa ba tare da na yi ta ja da ƙarfi ba. Wasu sun fi son 69, musamman ga taba mai siririn ganyen waje da ke saurin tsagewa, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da na tabbatar da idona shi ne tabar da ta zauna wata uku a kan 65 ba hawa ba sauka ta fi wadda ke lilo tsakanin 62 da 74 lafiya nesa ba kusa ba, ko da kuwa tsaka-tsakin lilon ya faɗa a kan lambar da ake yabo.

Soson ma na rabu da shi, domin bayarwa kawai ya iya, ba ya karɓa. Na ɗan gwada haɗin ruwa da sinadarin furofilin gilaikol rabi da rabi, wanda ke tsayar da danshi a wajen 70, ya kuma yi aiki, sai dai yana son kulawa. A ƙarshe na koma ga 'yan fakitin nan na kamfanin Boveda masu ruwan gishiri a ciki, waɗanda ke sakin danshi idan iska ta bushe su kuma tsotse shi idan ya yi yawa. Ana yin su da lambobi daban-daban, irin su 65 da 69 da 72, akwai kuma na 84 don shayar da sabon akwati. Idan fakiti ya taurare an san ya ƙare. A akwatin katako na lura lambar da nake samu takan gaza wadda ke jikin fakitin da biyu ko uku, saboda katako yana numfashi, a cikin roba kuwa kusan daidai take fitowa.

Zafi shi ne abin da na fi rainawa, shi ne kuma ya fi ba ni tsoro daga baya. Iskar da ke digiri 21 tana iya ɗaukar ruwa kusan giram 18 a kowace mita mai kusurwa huɗu da zurfi, a digiri 30 kuwa kusan giram 30, don haka akwatin da rana ke duka da yamma sannan ya huce da dare ba zai taɓa natsuwa ba. Ga kuma ƙwaron taba, ɗan ƙarami mai ruwan ƙasa da bai wuce milimita uku ba, wanda ƙwansa kan zo a cikin ganye tun daga masana'anta, ya ƙyanƙyashe idan zafi ya haura digiri 22 ko 23 tare da danshi mai yawa. Na ga aikinsa sau ɗaya: rami zagayayye kamar na allura a jikin kara, da garin taba a ƙasan akwati. Na zuba tabar duka a leda biyu, ta kwana ɗaya a firij, ta yi kwana uku a firiza, ta sake kwana ɗaya a firij kafin in fito da ita, domin saurin sauyin sanyi yana fasa ganye. Na share akwatin tas, na ɗauke shi daga kusa da taga na mai da shi ƙasan kabad a ɗakin da ya fi sanyi.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Na gwada murfin ta hanyar saka kunnanniyar tocila a ciki a ɗaki mai duhu, haske bai fito ba. Ba na cika akwatin maƙil, kuma ba na barinsa kusan wayam, domin tabar kanta tana taimakawa wajen riƙe danshi. Wadda aka saka wa ƙamshi na daban tana robarta ita kaɗai, tun da ganye yana ɗaukar warin maƙwabcinsa. Ya kamata in faɗa a nan cewa akwati ingancin ganye kaɗai yake karewa, ba ya rage illar hayaƙin taba ga jiki ko kaɗan.

Waɗancan na farko da suka bushe kuwa, na dawo da su a hankali cikin mako shida, daga fakitin 62 zuwa na 65, saboda busasshiyar taba idan aka jefa ta cikin danshi mai yawa lokaci guda cikinta ke riga wajenta kumbura ta fashe. Laushinsu ya dawo, suna kuma kama wuta yadda ya kamata, amma man da ke ba ganye ƙamshi ya riga ya tafi da bushewar. Har yanzu akwai guda biyu a kusurwar akwatin, su nake fara matsawa da yatsa duk ranar Juma'a idan na buɗe, kafin ma in kalli abin da ma'auni ya nuna.