Sitod biyu da suka karye a cikin tof ɗin Golf 3

'Yan uwa masu koyon kanikanci, watana tara ke nan a gareji, kuma a makon nan ne na fara karya sitod, ƙarfen da noti ke hawa, a cikin tof, wato kan injin mota, da hannuna. Ina so in rubuta muku yadda aka yi tun ban manta da komai ba, domin duk wanda zai taɓa salansar tsohuwar mota sai ya gamu da wannan.

Ranar Asabar da hantsi aka kawo motar, Golf 3 ce ta haya mai injin 1.8, tana jigila tsakanin Sakkwato da Illela. Direban ya ce in ya tayar da ita da safe tana yin tak-tak-tak, bayan 'yan mintoci ƙarar ta ɓace. Wani ya ce masa tafet ne, ƙarafan da ke danna bawul a cikin tof, har ya canza baƙin mai a banza. Oga bai ce komai ba, ya kunna fitilar wayarsa ya leƙa bayan injin. Ya kira ni ya nuna mini wani baƙin zane na hayaƙi a gefen manifol, ƙarfen da ke kwashe hayaƙi daga tof zuwa salansa, daidai bakin silinda ta ƙarshe. Nan hayaƙi ke tsiyaya. Injin na sanyi akwai 'yar kafa tsakanin manifol da tof, in ya ɗau zafi ƙarfen ya buɗe ya toshe kafar, shi ya sa ƙarar ke ɗaukewa. Da na kai hannu, noti ɗaya babu shi sam, sitod ɗinsa ya daɗe da karyewa a ciki.

Sitod shi ne ɗan sandan ƙarfen nan mai haƙori kai biyu, kai ɗaya a cikin tof, ɗayan kuma noti ke hawansa. Guda takwas ne ke riƙe da manifol ɗin wannan injin, kaurin kowanne milimita 8. Wahalar da suke sha ba ƙarama ba ce. Manifol ƙarfen zubi ne da wutar injin ke bi ta cikinsa kai tsaye, tof kuwa alminiyam ne da ruwa ke sanyayawa. Kowanne da yadda yake buɗewa da tsukewa, sitod na tsakiya ana ja da shi kullum, shekara da shekaru, ga tsatsa na cinsa.

Muka cire manifol ɗin shigar iska, domin a wannan injin shi ne a sama, na hayaƙi na ƙarƙashinsa. Oga ya ce in fesa wa notocin WD-40, man kwance tsatsa, in bar su su sha, shi zai je sayen gasket, shimfiɗar da ke toshe kafa tsakanin manifol da tof. Direba kuwa yana tsaye a kaina, gobe Lahadi kasuwar Illela ke ci, ranar da yake samun kuɗin mako. Noti shida suka fito. Na bakwai ya ƙi. Maimakon in jira, sai na zura bututu a hannun sifana na danna da ƙarfina. Na ji ya motsa, na yi murna, ashe ba kwancewa yake ba, murɗewa yake. Ku riƙe wannan alamar: notin da ke kwancewa yakan yi ƙara ya saki lokaci ɗaya, wanda zai karye kuwa laushi yake yi a hannu kamar ana murɗa ɗanyen kara. In kun ji laushin nan ku tsaya. Ni ban tsaya ba.

Da Oga ya dawo ya daɗe yana kallon guntun, sannan ya ce, “Yaro, mi kaka sauri? Ƙarhe ba a yi mai gaggawa.” Bai ƙara ko kalma ba, kuma da ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Lahadi muka fara da wanda na karya, tunda ya bar ɗan tsini a waje kamar tsawon farce. Filaya mai kulle ta kama ta zame. Oga ya aika aka kira mai walda. Kafin ya kunna komai na cire kawunan batir duka biyu, muka lulluɓe wayoyi da tiyon mai da jiƙaƙƙen buhu, aka toshe ramukan tof, aka maƙala wayar ƙasa ta walda kusa da wurin aikin. Mai waldan ya fara ɗora washa a kan guntun ya liƙe, sannan ya ɗora noti a kan washar ya cika cikinsa da walda har ya yi ja. Abin da ya burge ni shi ne waldar ƙarfe ba ta kama alminiyam, saboda haka tof bai ji komai ba, zafin kuma ya ratsa sitod ɗin ya farfasa tsatsar da ta riƙe shi. Sau biyu notin na ɓallewa. A na uku Oga ya hana kowa taɓawa sai da ya huce har ana iya ɗora yatsa. Ya ba ni sifana ya ce in ɗan matse tukuna, sannan in sassauta, gaba kaɗan baya kaɗan. Na fi minti goma ina wannan lilo kafin na ji ya saki. Ya fito da haƙoransa cike da farin gari.

Ɗayan shi ne babban aiki, domin ya karye can cikin rami, walda ba ta kai masa da kyau. Sai huda. To amma tsakanin injin da bangon mota babu filin da injin huda zai tsaya a miƙe, kuma hudar da ta karkace tana cin alminiyam ta bar ƙarfen, tunda alminiyam ya fi taushi. Oga ya ce a sauke tof. Direba ya yi ta ƙorafin kuɗin wani gasket ɗin, amma ni yanzu na yarda gaskiyar Oga ce.

Litinin, tof na kan benci. Oga ya sa ƙarfe mai tsini ya buga alama a tsakiyar guntun, ya duba, ya gyara, ya sake dubawa. Ya ce duk aikin a wannan ɗigon yake. Ya auna zurfin ramin da ke kusa, ya naɗa salatif a bakin hudar don kada ya wuce, saboda hanyar ruwa na nan kusa a cikin tof. Ya fara da milimita 3, ya koma 5, sannan 6, yana ɗiga mai, injin na juyawa a hankali. Iyakarsa 6.8, domin daga nan sai ka shiga haƙoran ramin. Na tambaye shi me ya sa ba za mu sa abin zaro guntu ba, wannan mai haƙorin hagu da ake murɗawa a rami. Ya ce ƙarfensa ya fi bakin huda tauri, in ya karye a ciki an shiga uku. Abin da ya rage na sitod ɗin ya zama siririn ɓawo, ya tsince shi da tsinken ƙarfe, ya bi ramin da abin gyaran haƙori.

Ni na ɗauka an gama. Oga ya ɗauko manifol ya kwantar da miƙaƙƙen ƙarfe a fuskarsa, ya ɗaga shi saitin rana. Haske na wucewa ta gefen nan da sitod na farko ya karye. Manifol ɗin ya bauɗe, shi ne ya yi ta jan sitod har ya tsinke, kuma da mun mayar da shi haka da sabon ma bai daɗe ba. Aka kai shi wajen masu injin goge ƙarfe suka daidaita fuskar. Muka sa sabbin sitod takwas da sabbin notoci, muka ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, zagaye biyu, na ƙarshe a kan 25 Nm na sifanar awon ƙarfin ɗauri.

Talata da asuba, injin na sanyi ƙalau, aka tayar da ita. Babu tak-tak. Direban ya rasa kasuwar Lahadi, kuma rabin wannan asarar daga hannuna ta fito, na ba shi haƙuri ya ce ba komai. Oga ya jawo wani mataccen tof daga cikin tarkace, ya yanke sitod ɗinsa daidai da fuska, ya ce kullum bayan la'asar in huda ɗaya. Zuwa yau na huda huɗu. Biyu sun tafi a tsakiya, biyu sun karkace zuwa ƙasa, kuma na lura duka biyun tun daga bugun alama na kuskure. Gobe zan fara goge kan guntun ya yi sumul kafin in buga.