Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ƙirji Ya Sake, Haƙora Sun Kama

A makon jiya mun tsaya inda ƙanena da ke karatu a Kaduna ya kawo mini sigarin lantarki, na ajiye karan da nake busawa tun ina saurayi. Da yawa kun tambaya ko na ga canji. Na gani. Tarin asuba ya ragu, uwargida ta daina ware rigunana tana shanya su can bayan ɗaki, kuma ina hawa tirela a kasuwar Jega in ƙirga buhunan shanshera ba tare da na tsaya haki ba. Wannan hakkinsa ne, na ba shi. Yau labarin baki ne.

Karan sigari yana da ƙarshe. Ka kunna, ka zuƙa, ya cinye, ka taka guntun ka koma harkarka. Ita na'urar nan ba ta da wannan. Tana aljihun gaba kusa da waya, ƙamshinta na mangwaro, ba toka, ba ashana, ba mai juyowa ya harare ka a mota. Sai na wayi gari ina zuƙa a kan hanyar Argungu, ina zuƙa ana auna shinkafa, ina zuƙa a kwance kafin barci. Ba a jima ba bakina ya fara bushewa. Cikin dare in farka harshe ya manne da ganɗa, yawu ya yi kauri. Maganin da na samo wa kaina shi ne alewar minti da lemon kwalba, kullum akwai ɗaya a hannu. Ga kuma gawayi da buroshi mai tauri da nake dirje haƙora da su kowace safiya, don tunda na bar sigari ina son baƙin da ta bari shi ma ya tafi.

Azumin 2024 ya faɗo a watan Maris, kuma duk wanda ya san Birnin Kebbi a wannan lokaci ya san ba dabino ake jira da magariba ba, ruwan sanyi ake jira. Wata rana a gidan Inna muka sha ruwa. Na fasa ledar ruwa mai ƙanƙara na kai baki, sai wani abu ya tsira mini daga fiƙar hagu har cikin ido. Na saki ledar a kan tabarma, na dafe kunci.

"Kai, lafiya? Mi ya same ka?" in ji Inna.

"Haƙori ne, Inna."

"Haƙori ko wanga abu da kaka tsotso kamar jinjiri?"

Yara suka kwashe da dariya, ta daka musu tsawa, ta aika a ɗauko kanumfari. Kanumfari yana kashe zugi na ɗan lokaci, wannan gaskiya ne, amma washegari kunun tsamiya ya tada shi, jibi zoɓo. Daga baya ko iska na ja ta baki da asuba a hanyar masallaci sai na ji. Na koma shan ruwan randa, ina karkatar da kai ruwan ya bi ta dama. Haka na ƙarasa azumin.

Bayan Sallah na je sashen haƙori na babban asibiti. Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta kwantar da kujera, ta haska fitila, ta ɗauki wani siririn bututu ta fesa iska a gindin fiƙar. Saura kaɗan in tashi da kujerar. Sai ta miƙo mini madubi ta ce, "Malam, duba nan." Dasashina ya ja baya, kamar yadda ruwan fadama ke janyewa da rani ya bar gaɓa a fili. Saman haƙorin fari, gindinsa rawaya-rawaya, da wani ɗan kwarmi inda buroshi ya ci. A bayan haƙoran ƙasa kuwa datti ya daskare ya zama kamar dutse.

Bayaninta shi ne abin da ya sa na keɓe wa wannan maganar kashi guda. Farin ɓawon haƙori, wanda ya fi komai tauri a jikin mutum, saman kawai ya rufe. Saiwar ba ta da shi, dasashi ne rigarta. In dasashi ya janye, abin da ke fili cike yake da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, suna tafiya har inda jijiya take. Sanyi, zaƙi ko tsami ya taɓa bakin kafofin, ruwan da ke ciki ya motsa, jijiya ta amsa. Wannan shi ne tsirawar.

Na ce mata to na'urar ce ta jawo ke nan. Ta girgiza kai. Ta ce ɓarnar ta sigari ce, ta shekaru, kuma nikotin, sinadarin da ke sa mutum ya kasa rabuwa da taba, shi ne ya rufa mata asiri: yana matse ƙananan hanyoyin jini na dasashi, sai ciwo ya yi ta ci ba tare da jinin da zai gargaɗi mutum ya fito ba. Shi ya sa mashaya da yawa suke ganin bakinsu lafiya lau har haƙori ya fara girgiɗi. Laifin na'urar daban ne. Nikotin ɗin yana nan a cikinta, sannan ruwan da ake dafawa ya zama tururi yawancinsa gilisarin ne da wani sinadari mai suna furofilin gilaikol, masu janye danshi. Yawu kuwa shi ke wanke tsami daga baki, shi ke mayar wa haƙori ma'adinan da tsami ya zare. Ka busar da shi, ka bi da alewa da lemo, ka dirje da gawayi, me ya rage?

Ba ta ce in koma sigari ba, ta ma ja mini kunne a kai. Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki masu jawo kansa, ita kuwa na'urar ba ta ƙona komai. Shi ya sa a Ingila hukumar lafiyarsu take ba mashaya shawarar amfani da ita don su rabu da sigari. Amma abin sabo ne, wani mai haɗa magani ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, ya ƙirƙiro irin na yanzu a 2003, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta dage cewa ba marar illa ba ne. Ni abin da ke ci mini rai, a can an ɗauke ta hanyar fita, mu nan yaran da ko kara ɗaya ba su taɓa kunnawa ba su ke yawo da ita a bakin shagunan cajin waya. Najeriyar da ta yi dokar taba tun 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, amma har gobe mai tireda yana warewa ya miƙa maka ɗaya, wa zai tsaya duba aljihun yara?

Ranar ta kankare dattin da injinta mai ƙara, ta cike rami ɗaya da ta gano a matauni. Ta ce gawayi ya koma murhu. Buroshi mai laushi, a hankali, safe da dare. Man goge baki na masu tsamin haƙori mai fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, in tofar kawai kada in kuskure baki da ruwa, kafin barci kuma in shafa kaɗan da yatsa a gindin fiƙar. In na sha abu mai tsami in dakata kamar rabin awa kafin in goge. Gorar ruwa ta maye gurbin alewa. Na tambaye ta asuwaki, ta ce ba laifi, in dai na tauna bakinsa ya yi laushi kuma ban danna ba. Ta gargaɗe ni cewa man ba ya aiki rana ɗaya, sai an jure makonni, kuma haka aka yi. Dasashin da ya ja baya dai ba ya dawowa da kansa. Har yau ƙanƙara ba ta shiga bakina ta hagu.

Ina ɗaura agogo zan fita ta ce, "Malam, ita kuma yaushe za ka ajiye ta?" Na ce sai an gama kakar shinkafar rani, aiki ya lafa. Ta rubuta wani abu a katina ba ta ce komai ba. Ashe uwargida, da na ba ta labari da dare, ta riƙe maganar. Yadda wayar cajin na'urar ta ɓace daga ɗakina ana gobe zan tafi Yauri, da abin da ya faru tsakanina da direba a hanya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.