Abobi, ɗan kifin da ke riƙe da tukunyata

Duk mai soya shito, wato soyayyen yajin nan na Ghana, a unguwar Nima ko Mamobi da ke Accra ya san abobi, ɗan ƙaramin kifin nan da ake shanyawa a bakin teku, musamman wajen garin Keta da ke gabashin gaɓar Ghana. Ni kam da shi nake cin abinci, domin wake da shinkafa nake sayarwa, kuma shitona ba ya daɗi sai da garinsa.

In ka samu ɗanyensa ka duba da kyau. Yawanci bai fi tsawon yatsa ba, ga layi mai ƙyalli kamar azurfa a gefensa. Hancinsa ya zarce gaba, bakin yana ta ƙasa, mai faɗi har ya wuce ido, kuma da shi yake tace ƙananan halittun da ke yawo cikin ruwa. Ba ya tafiya shi kaɗai, garke-garke suke yi kusa da saman ruwa, ba nisa da gaɓa. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi kan taso daga ƙasan teku ɗauke da abinci, lokacin ne ya fi hayayyafa, ƙwansa na shawagi a sama.

Wasu jiragen kamun kifin tuna na tashar jiragen ruwa ta Tema ma da shi suke aiki, da ransa suke watsa shi a ruwa don tuna ta taso.

Abin da ke ci mini rai shi ne masu haska fitila da dare, da masu raga mai ƙananan ido, suna kwashe shi tun bai yi ƙwai ba, alhali doka ta hana. Shi ya sa da gwamnati ta hana masu kwalekwale fita kamun kifi a watan Yulin 2021, ban ji haushi ba, duk da sai da na ƙara kuɗi a kan kowace olonka, wato gwangwanin da ake awo da shi a kasuwa.