Python na ciki amma kwamfuta ta ce babu

Jiya bayan Isha ƙanina ya kawo min laftof ɗinsa da ya siyo a Beirut Road, kasuwar kwamfuta ta Kano, wai "Yaya na saka Python har sau biyu amma cmd cewa take ba ta san shi ba", (Python yaren rubuta manhaja ne, cmd kuma baƙin allon nan ne na Windows da ake rubuta umarni a ciki), kuma data ɗinsa ta kusa ƙarewa wajen sake saukewa, abin ya taɓa min rai wallahi.

Na ce masa tsaya, rubuta where python, umarnin da ke nuna inda manhaja take. Ba ta samu komai ba. Sai muka gwada py --version, sai ga lambar sigar Python ta fito, kenan yana ciki, hanyar zuwa gare shi ce babu. Ita Windows in ka kira manhaja ba duk faifai take bincikawa ba, foldar da kake ciki take dubawa sai kuma jerin foldojin da aka rubuta mata ta riƙa dubawa, wanda ake kira PATH, in ba ta gani a nan ba shikenan sai ta ce babu. Shi kuma lokacin sakawa bai danna ɗan akwatin nan na Add to PATH ba.

Mun same shi a wata folda cikin AppData\Local\Programs\Python, muka ƙara adireshin foldar a PATH, muka rufe cmd muka sake buɗewa, ya kama aiki. Masu Linux, maimakon where ku naku command -v ne ko which.